Ɗan Yatsan Ajuma

A wani ƙauye da ke yamma da Sukukutane akwai wata mata, Ajuma, wadda ta shekara talatin da wani abu tana tuƙa igiyar kaba. Makiyaya ne masu sayenta, don rijiyoyin wajen zurfi gare su, kuma igiyarta ba ta tsinkewa da guga. Abin da ya dame ta guda ne: ranar kasuwa a ka take ɗaukar kayanta, ga rairayi, ga gwiwa ta fara ciwo. Jaki take so.

Da wani asusun ba da rance ya zo daga Dogon Dutsi, sai ta shiga ƙungiyar mata goma. Sharaɗin shi ne, ko a yi wa goman rajista gaba ɗaya, ko kowa ta rasa. Ma'aikacin asusun, wani saurayi mai ladabi da ake kira Hakim, ya iso bisa babur da wata 'yar na'ura mai jan haske. Ya bayyana musu cewa zamanin takarda ya wuce, yanzu wadda ba ta taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba ma tana da sa hannu, don yatsanta ya isa shaida. An ƙera abin ne musamman saboda talakawa.

Mata tara suka dangwala, na'ura ta yi ƙara ta karɓa. Ajuma ta ɗora babban yatsa, shiru. Ta ɗora manuni, shiru. Hakim ya goge gilashin da gefen rigarsa, ya duba hannunta, ya ga kaba ta cinye zanen yatsun tas, sun yi sumul kamar bayan ƙwarya.

"Inna, mashin ɗin bai gane ki ba," in ji shi.

"To ɗana, tambayi garin nan, kowa ya san ni."

Ya ce ba shi da ta cewa, amma zai dawo bayan sati biyu. In ta daina aiki tana shafa man kaɗe, wataƙila zanen ya fito.

Zulaiha, shugabar ƙungiyar, ba ta ɗauki maganar da wasa ba, don nata rancen ma yana rataye a yatsun Ajuma. Ta raba aiki: wata daka, wata ɗiban ruwa, wata wanki. Aka zaunar da Ajuma a inuwar itacen bedi, hannu bisa cinya yana ƙyalli. Tun da aka kawo ta garin ba ta taɓa wuni haka ba, kuma bai yi mata daɗi ba. Kwana uku sai aka kama ta bayan rumbu tana murza kaba a ɓoye. Zulaiha ta kwashe kabar gidan duka ta kai nata gida, ta kuma sa maƙwabta su sa mata ido. Makiyaya suka zo neman igiya, aka ce musu mai igiya tana jinyar yatsu, suka yi mata sannu suka tafi.

Ranar da Hakim ya dawo, mata tara suka kewaye ta. Aka bi yatsun hannun dama ɗaya bayan ɗaya, na'ura ta ƙi. Shekara talatin ba ta gogewa da sati biyu. Aka koma hagu, huɗu suka faɗi. Saura ƙaramin, wanda ya karye tun tana yarinya ya warke a karkace, bai taɓa riƙe kaba ba, bai taɓa jan guga ba. Shi na'ura ta karɓa nan take.

Hakim ya yi hamdala, ya ce daga yau wannan yatsa shi ne ita a wurin asusu, duk zuwan da za ta yi shi za ta kawo. Ajuma ta daɗe tana kallon ɗan yatsan.

"Duk cikinsu wanga ragon ne aka sani a Dutsi," ta ce.

Ta sayi jakinta a kasuwa ta gaba, ta koma tuƙa igiya fiye da da. Sai dai yanzu kafin ta taɓa kaba takan naɗe ƙaramin yatsan da tsumma mai tsabta, ta ɗaga shi sama yana hutawa, sauran tara suna aiki.