Tsuntsayen da Suka Kalli Ƙasa

A shagona da ke Lamisula ba wadda ke taɓa yadi sai ta ƙoshi da takardar siminti. A kanta ake koyon taka keke, a kanta ake koyon yanka. Yawancin 'yan matan da nake koya wa ɗinki, wata biyu sun fara yi mini magiya in ba su atamfa. Ban da wata siririya da aka kawo mini daga Khaddamari.

Wata bakwai tana kan takarda. Ɗinkinta a miƙe yake sambal, amma da na miƙa mata almakashi da yadi sai ta ja da baya. Ni kuwa bakina ba linzami. "Ke, rigar takarda za ki sa ranar Sallah?" Sauran suka kwashe da dariya, ita ta sunkuyar da kai. Har yau ina jin kunyar wannan magana.

Babanta dillalin shanu ne. Ya aiko cewa ran Juma'a zai shigo gari, in bai ga rigar da ta ɗinka ba, zai tafi da ita, gona na bukatar hannu. Da ta ji saƙon sai ta hau goge kekenta da gefen mayafi.

Washegari na zo da wata shuɗiyar atamfa mai zanen tsuntsaye, wadda mahaifiyata ta ba ni kafin ta rasu. Na shimfiɗa a tebur.

"Auna ni, ki yanka."

"Malama, in na ɓata fa?"

"Tawa ce. Ba mai yi miki faɗa sai ni, ni kuwa kin saba."

Na fita sayen zaren da ba na bukata, don kada in tsaya mata a ka. Da na dawo ta yanka, yankan kuwa tsaf. Sai dai ta juya yadin, duk tsuntsayen gaban rigar kansu a ƙasa. Magana ta zo mini har baki, na haɗiye ta da ƙyar. Ita ba ta lura ba sai ran Alhamis, bayan ta haɗa hannuwan rigar. Ta rungume rigar tana kuka, na ce ta yi mata guga kawai.

Ran Juma'a rigar na sa na zo shago. Bayan an sauko daga masallaci baban ya iso, ya gaishe ni da Kanuri.

"Wushe, Malama. Ina aikin?"

"Ga shi a jikina, Alhaji."

Ya sa na ɗaga hannu, ya duba hammata, ya duba wuya, yadda yake duba haƙoran sa a kasuwa. 'Yarsa na bayan keke tana kallonmu.

"Tsuntsayen nan fa, ina za su?"

"Sauka suke yi," na ce.

Ya daɗe yana kallona. Ya gane, na kuma san ya gane. Sai ya buɗe jakarsa ya ciro farar shadda yadi biyar, wadda ashe tun daga gida ya taho da ita, ya ajiye a gaban 'yarsa.

"To, ki auna ni. Wannan ba ta da sama da ƙasa."