Mutumin da Ke Lasar Laka

A ƙauyenmu na kudancin Gini Bisau, shinkafa da teku ganuwar laka ce kawai tsakaninsu. Shekara ashirin ina awon shinkafa a nan, ban ga wanda ya san ganuwar nan kamar Baba Nbunde ba. Kullum da safe sai ya bi ta ba takalmi yana neman ramin ƙaguwa, ya dangwali lakar gona ya lasa, ya ji ko gishiri ya shigo. Mu kuwa dariya muke masa.

"Baba, matarka Sabadu ba ta ba ka karin kumallo ba ne?"

"Ku dai ci gaba da haushi," in ji shi.

Ranar da teku ta yi babbar cika, shinkafa ta fara nuna, da hantsi muka ji ihunsa. Ganuwa ta ɓalle daidai gefen gonarsa, ruwan gishiri ya kama kwatar da ke ratsa gonakin gida arba'in. Samari duk sun tafi Bisau neman aiki, sai mu tsofaffi da mata. Muna jibga laka, ruwa na kwashewa. Wallahi kowa ya san gonar da gishiri ya kwanta a ciki, shekara uku ba ta haihuwa.

Gonar Nbunde ce ta fi kowacce kwari. Na ga ya tsaya yana kallon kunyar da ta raba ta da kwata, dogon shebur ɗinsa a hannu. Matarsa Sabadu ta riga kowa ganewa, ta riƙe masa hannu.

"Maigida, kada ka soma! Me za mu ci?"

"Sake ni, Sabadu."

"Gonar ubanka ce fa!"

"To ai shi ya nuna min wurin da za a sara."

Sara huɗu ya yi. Ruwa ya juya ya afka gonarsa, kwata ta yi sauƙi, muka samu muka toshe ganuwa kafin azahar. Muna ji muna gani shinkafarsa ta nutse, Sabadu ta zauna cikin taɓo tana kuka.

Da kaka kowane gida ya kai masa dami, amma gona ta mutu. Bana ma na gan shi durƙushe a cikinta, ya lasa, ya tofar. Ba wanda ya yi dariya. Ya ɗago ya dube ni.

"Malam, saura shekara biyu. In ina raye."