Baƙon da ba a kunna wa fitila

Shekarun baya can, Turawa na nan suna mulki, ni kuma saurayi ne gemu bai ko fara tsiro ba, wutar lantarki a Bodinga labari ce kawai. Ana cewa akwai ta a gidajen Turawa a Sakkwato. Mu dai aci-bal-bal muka sani, 'yar fitilar gwangwani mai lagwani a waje, sai kananzir da ake zuba mata.

Kananzir ɗin kuwa tsada gare shi. Don haka matan unguwarmu suka haɗa kai, su tara abin da ya samu a sayo garwa guda, a raba kwalba-kwalba. Mahaifiyata, Inna, ita ke rabon. Yayata, 'yar farinta, wadda ke aure a wani ƙauye na ƙasar Shagari, ita ma tana cikin tsarin.

Yayar nan tawa, Allah Ya jiƙanta, ban taɓa ganin mai tattalin kananzir irinta ba. Da hasken murhu take tuƙa tuwo, a ci a duhu, a kwanta. Fitila tana nan cike a kan randa, amma ba a kunna ta sai an yi baƙo. Mun sha yi mata tsiya, mu ce kwalbarta guda za ta kai ta aurar da jikoki.

Ranar da abin ya faru, da damina ne. Wani yaron mota ya sayar wa Inna garwa da araha, har tana ta sa masa albarka. Da hantsi aka raba. Yayata da ta zo ganin gida da jaririnta ta ɗauki kwalbarta, ta samu motar da ta yi wajensu, ta wuce.

Da la'asar Inna ta ce in hura mata wuta, itacen ya sha ruwa kuma hayaƙi na damun idonta. Na ɗiga ɗan sauran da ke gindin garwa a kan itacen, na ƙyasta ashana. Fuu! Ban san lokacin da na ga kaina zaune a ƙasa ba. Girata ta tafi gaba ɗaya, ina ta ƙaurin kan akuya da aka babbaka.

Kawuna ya fito da gudu. Shi ya tuƙa mota a soja lokacin yaƙi. Ya sansana garwar, ya ɗiga a tafin hannunsa, nan take ya bushe.

“Wanga ba kananzir ba na,” in ji shi. “Fetur na. Duk wadda ta kai ashana kusa da shi a cikin ɗaki, sai dai a kwashi toka.”

Inna ta fita gida-gida, mayafi na jan ƙasa. Kwalabe suka riƙa dawowa, kowa na salati. Sai da ta jera su a gindin danga, ta ga saura kwalba guda, ta yayata, sannan ta tsaya cak a tsakar gida. Kun san kunyar ɗan fari a wurin iyayenmu. Tunda nake ban taɓa jin sunan yayata a bakin Inna ba. Ran nan ta kira shi da ƙarfi, gaban kowa, ta ɗora hannu a ka.

Babu wata mota sai gobe. Kawu ya jawo kekensa, wanda ko taɓa shi ba ya bari in yi. “Tahi,” ya ce. “Ka riga magariba.”

Wallahi ban taɓa jin tsoron rana ba sai ran nan. Ina tuƙi ina kallonta tana sauka. Hanya duk caɓi, sarƙa ta zame har ban san sau nawa ba, ina mayar da ita. Can na hango hayaƙi ya turnuƙe sama ta wajen ƙauyensu, na ƙara taka keken da ƙarfi. Da na matsa, ashe makiyaya ne suka yi wa shanu hayaƙin korar ƙuda. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Abin da kawai nake gani a raina shi ne ɗakin ciyawa, da yayata goye da jariri.

An kira magariba ina hanya. Kafin in shiga ƙauyen duhu ya rufa, 'yan fitilu na ƙyalli nan da can. Na doshi gidansu ina baza hanci. Babu ƙauri, babu kururuwa. Gidan baƙi ƙirin, ko ɗigon haske babu. Na ce Alhamdu lillahi, yau dai maƙon yayata ya yi rana. Na jingina keken, na saki numfashi, na rangaɗa sallama daga zaure kamar kowane baƙo mai hankali.

“Maraba, maraba!” na ji muryarta daga ɗaki. “Mun yi baƙo. Dakata in kunno fitila.”

Sai na ji karas-karas na kwalin ashana.

Jama'a, ashe ni ne baƙon.

“Yaya, kar ki ƙyasta!” Ban san da wace murya na faɗa ba. Na bi ta kan turmi, na ture tukunya, na faɗa ɗakin da takalmina. A duhun na cafko hannunta, tsinken ashanar na tsakanin yatsunta, ta riga ta ɗora shi a jikin kwalin. Warin fetur ya cika ɗakin, don tun isowarta ta cika fitilar ta ajiye. Jariri ya tsala ihu.

“Kai, mi ya same ka? Inna ta rasu?”

Sai da na kwashi fitilar da kwalbar na kai bayan danga, sannan na zube na gaya mata. Ta kwanto yaron ta rungume. Mijinta ya dawo daga masallaci ya tarar da mu zaune a tsakar gida cikin duhu. A haka muka ci tuwo, ban ga ko launin miyar ba. Sai da gari ya waye ta ga fuskata babu gira, ta yi dariya har da hawaye, daga nan dariyar ta koma kuka.

Kwanan baya samarin unguwarmu suka zo, wai za su haɗa kuɗi su sayo sola da batura, kuma sun samu wani mai araha. Na ce madalla, haɗa kai ne ya sa talaka ya ga haske tun zamaninmu. Amma ku sa wanda ya san abin ya duba kafin a raba, don abin da aka saya tare, in da mugun abu a cikinsa, kowane gida yake shiga rana guda. Sun ce Baba ya cika tsoro. Na ce ƙwarai kuwa, har yau in na ji an girgiza kwalin ashana a duhu sai gabana ya faɗi.

Yayata ta yi tsawon rai, har ta ga wutar lantarki a ɗakinta. Amma duk ranar da na je gidanta da magariba, in na yi sallama, ba ta taɓa makunni. Sai ta ce, “Shigo tukuna, in ji daga bakinka.” Sai na zauna na ce lafiya lau, Yaya, sannan take kunna wuta.