Kujeru Biyu Babu Kowa

Shekarar da aka sa kamara a siber ɗin unguwarmu ta Zango, wato shagon da muke shiga intanet, na dage sai na kai Inna ta ga yayanta. Kawu ya tafi Jidda tun ina goye, muryarsa kawai muke samu a kaset.

Inna ta ci ado kamar mai zuwa biki, har da turare, wai ba a zuwa gaban babba haka nan. Na zaunar da ita a kujera, na buɗe wajen hira, na ƙara murya. Sai ga Kawu a allo, gemu ya yi fari fat.

Tana ganinsa ta zame daga kujera ta durƙusa a ƙasa. "Yaya, ina wuni?"

Kawu ya matso da fuska. "Ina jin murya, ban ga mutum ba. Ina ta shiga?"

Samarin da ke shagon suka tuntsire da dariya. Na harare su, na ce, "Inna, don Allah ki hau kujera, kamara ba ta ganin ƙasa."

"Kamarar ce ba ta da tarbiyya," in ji ta. "Ni ba zan gaida yayana ina bisa kujera ba."

Da na yi wa Kawu bayani, sai ya yi dariya, ya ce to bari shi ma ya sauko. Ya sauka ƙasa, ya ɓace.

Haka na tsaya ina kallon kujeru biyu babu kowa a allo, gaisuwa kuwa tana ta tafiya a ƙarƙashinsu. Kawu yana tambayar mutanen Zango gida-gida, bai tsallake kowa ba.