Mai Karanta wa Mahaifinta Latin

A ɗakin masu shanyewar ɓarin jiki, wata mata mai tabarau tana zaune gefen gadon mahaifinta, wanda ake jiran a ga ko bakinsa zai sake buɗewa. Ni da ke kallonsu daga gefe, ina zaton tsohon malami ne, domin littafin Latin da ke hannunta ya girme ta. Kalma guda take jujjuyawa cikin sigoginta na nahawu, mai nufin mai jinya ko mai warkarwa: curans, curantis, curanti. Siga ta huɗun tana ɓata ta da gangan, sannan ta dakata.

"Daidai ne ko, Baba?"

A ƙa'idata, kuskuren ganganci ƙarya ne, ko a asibiti.

Leɓen tsohon yana rawa. "Curantem," in ji shi da ƙyar. "Daƙiƙiya."

"Na gode, Baba," in ji ta, tana share masa yawu.