Hannun da Aka Ɗaure

Ƙarfe goma na safe, wata Talata, aka ɗauke tafiretata daga kan tebur aka ajiye kwamfuta a wurinta. A Bawku ne, a ofishin wani kamfanin sayen hatsi, can ƙarshen shekarun casa'in. Maigidanmu, wani Alhaji dattijo, ya ce a cikinmu masu buga takardu mutum ɗaya zai riƙe, wadda ta fi iya injin.

Madannan ba su ba ni tsoro ba, na san su. Maus ne matsalar, ɗan abin nan mai wutsiya da ake turawa kibiya ta motsa a allo. Mai koya mana ya ajiye shi a dama. In na nufi kusurwa sai kibiyar ta wuce. In ya ce danna sau biyu da sauri, yatsana yakan makara a na biyu.

"Malama, ba daka sakwara kike ba," in ji shi. Sauran suka kwashe da dariya.

Ni bahaguwa aka haife ni, a Salaga. Da mahaifiyata ta rasu aka kai ni Yendi wajen Gwaggo, yayar babana, ita kuwa ta riƙa ɗaure mini hannun hagu da ɗankwali lokacin cin abinci da lokacin rubutun allo, har na daina miƙa shi. Hannun dama ya koyi rubutu mai tsabta, amma a hankali, kamar baƙo a gida.

Wata rana da azahar kowa ya fita salla, ina fashin salla, na jawo maus ɗin zuwa hagu. Kibiyar ta je duk inda idona ya je. Na danna sau biyu, shafi ya buɗe. Na rufe, na sake buɗewa. Da na ji takun mutane sai na mayar da shi inda yake, na goge shi da gefen mayafina.

Ranar gwaji Alhaji ya tsaya a kaina da carbinsa. Na san abin da zan yi in ci. Amma fito da hagu a gaban babba, in kama abin da shi ma zai taɓa? Hannun ya kwanta a cinyata, ya ƙi tashi. Na yi da hannun dama. Wata aka riƙe.

Na kwashe kayana na koma Yendi. Gwaggo ta tsufa, idonta ya yi rauni. Na daɗe ban iya tambayarta ba, sai wata safiya muna tsince shinkafa a faranti ɗaya.

"Gwaggo, wa ya ce ki ɗaure mini hannu? Baba ne?"

Ta ci gaba da laluben tsakuwa. Sai a lokacin na lura da hannun da take laluben da shi: hagu ne.

"Babu wanda ya ce, 'yar nan," ta ce. "Ni ma haka aka ɗaure nawa. Ban san ana tambaya ba."