Katan Ɗin Daddawar da Ya Dawo Daga Abuja

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, wasu ma da gangan, amma katan ɗin daddawar da aka dawo mini da shi daga Abuja ya ƙi mantuwa, kuma ban ga alamar zai yarda nan gaba ba.

Lokacin ina koyar da Turanci a wata sakandare kusa da ƙauyenmu, can gefen Dawakin Tofa. Koyarwa sana'a ce mai albarka, sai dai albarkar ba ta cika biyowa ta wajen cefane ba. Don haka na buɗe shago a ɗaya daga cikin kasuwannin nan na intanet. Na fara da kuka da busasshiyar kuɓewa, amma abin da ya ɗaga shagon shi ne daddawar Gwaggo, yayar mahaifina, wadda a ɗakinta aka yaye ni. Daddawarta ta kalwa ce zalla. Ita ke dafawa, ta surfa, ta wanke, ta rufe ta kwana uku, ta kirɓa, ta shanya. Ni kuma nawa ɗaukar hoto da rubuta bayani. A lokacin ina ganin aikin namu rabi da rabi ne.

Dokar kasuwar ba ta da wuyar fahimta. Mai saye ya biya, su riƙe kuɗin har sai ya ce kaya sun iso lafiya. In ya kai ƙara, a ba ka kwana uku ka kare kanka. In aka same ka da sayar da jabu, a rufe shagonka.

Wani mai gidan abinci a Abuja ya sayi katan guda. Na ɗaure, na kai tasha wajen Dawanau, na ba direba. Bayan kwana biyar sai ga ƙara. Mutumin ya ce an cuce shi: daddawar ta waken suya ce aka shafa mata baƙi, masu cin abincinsa sun koka, ga hoton guda ɗaya da ya ɓare, cikinta fari fat. Ya ce ya sako kayan a mota, a mayar masa da kuɗinsa. Na karanta ƙarar sau uku. Turancinsa tsaf, kowane waƙafi yana inda ya kamata. Na nemi wurin da zan sa jan biro na rasa. To a nan na yi kuskuren da sai malamin makaranta ne zai yi shi: na ɗauka mutumin da bai yi kuskure a rubutu ba, ba zai yi ƙarya ba.

Ban jira katan ya iso ba. Na tashi daga makaranta na wuce gidan Gwaggo. Na same ta a tsakar gida tana tsince kalwa, ita da maƙwabtanta biyu. Mai hankali da ya gaishe su ya jira su tafi. Ni na gyara murya kamar zan yi wa aji tambaya.

"Gwaggo, na ce ko a wannan karon kalwar ce ta yi ƙaranci, aka ɗan taimaka mata da waken suya?"

Ba ta ɗago kai ba. "Wa ya ce?"

"Wani ne a Abuja."

"Ka san shi?"

"A'a, amma ya rubuto."

"To, tunda ya rubuto." Ta ci gaba da tsintar kalwarta. Can ta ce, "Malam, sai ka nemi wata mai daddawar."

Duk duniya Gwaggo ce kaɗai ba ta ce mini Malam. "Ɗan nan" take cewa, ko da furfura ta fara fito mini. Ranar na samu ƙarin girma, kuma ban ji daɗinsa ba.

Kafin la'asar labari ya gama gari, ya kuma yi ƙiba a hanya. An ce hukuma ce a Abuja ta sa daddawar Gwaggo a na'ura aka gano abin da ke ciki. Washegari wata mata ta maido mata da wadda ta saya. Matar da ta kusa shekara hamsin ana aiko mata da kwano daga ƙauyuka uku, sai ga shi ana shinshina kayanta a gabanta. Ni ina tsoron a rufe mini shagon da bai fi shekara ba, ita kuwa sunanta ne na jefa a bakin mutane.

A rana ta uku, wadda ita ce ta ƙarshe a wa'adina, direba ya kira ni. Na ɗauko katan a babur na dire shi a tsakar gidan Gwaggo. Maƙwabtan nan biyu suna nan, don sun fi ni sanin lokacin da ake zama. Na yanke igiya. A sama daddawa baƙa wuluk mai sheƙi. Da na ɗaga layin farko, sai ga wata mai launin ƙasa-ƙasa, har ƙasan katan.

Gwaggo ta ce ba za ta duba ba. Ta yi kamar minti ɗaya ba ta duba ba. Sannan ta miƙa hannu ta ɗauki guda daga ƙasa. Ba ta shinshina ba, ba ta ɓare ba. Ta dubi fuskarta, ta juya bayanta.

"Wadda ta yi wannan yatsunta ƙalau suke, Allah ya bar mata su."

Ta buɗe mini hannunta na dama. Yatsan tsakiya a karkace yake, tun tana budurwa taɓarya ta danne shi ya warke a haka. Kowace daddawa in ta mulmula, da yatsu uku take danne ta, don haka shatin tsakiya kullum ya kwanta gefe. Ta ɗauko ɗaya daga na saman ta ajiye kusa da ta ƙasan. Ko makaho ya shafa zai bambance.

"Kuma dubi bayanta. A kan buhun taki aka shanya ta, ga saƙarsa nan. Ni ka taɓa ganin na shanya a wani abu ban da faifai?" Ta ƙirga na saman da yatsa. "Waɗannan nawa ne. Sauran mutumin na Abuja ya sha miya da su, ya cika maka da ta kasuwa."

Ni da nake gane rubutun kowane ɗalibi ko bai sa suna ba, shekara arba'in ina cin daddawar nan ban taɓa lura da hannun mai ita ba. Na buɗe hotunan da ke shagona na ƙara musu girma. Karkataccen shatin yana nan a kowane hoto, ni da kaina na ɗauka.

Na jera su biyu-biyu na ɗauki hoto, fuska da baya. Na roƙi Gwaggo ta sa hannunta a gefe. Ta ce, "Hannun kaɗai. Fuskata ba da ita aka yi ciniki ba." Na tura wa kasuwar, na ce su gwada da hotunan da na sa tun kafin mutumin ya san ina duniya.

Bayan kwana biyu suka ba ni gaskiya, suka kuma gode mini da haƙurin da ban yi ba. Mutumin ya rubuto cewa ma'aikatansa ne suka rikita katan-katan. A wannan saƙon na tsinci kuskure biyu. Bayan mako guda ya tambaya ko akwai sauran irin waccan. Na ce ta ƙare.

Na je da murna na gaya wa Gwaggo mun ci shari'a.

"Kun ci. Ni da wa na yi shari'a?"

Ba ta karɓi haƙurina a ɗaki ba. Ta aika aka kira maƙwabtan nan biyu, ta ce inda na yi tambayar a nan zan ba da amsarta. Na durƙusa a gabansu na faɗi abin da ya faru dalla-dalla, su kuma suka kai labarin gari, ko da yake bai yi saurin na farko ba. Sai da aka yi wata guda kafin ta sake ɗora tukunya saboda ni, da sharaɗin in zauna tun daga dahuwa har shanya, in nuna mata daidai inda waken suya ke shiga. Na zauna. Warin ya kwana huɗu a rigata.

Tun daga nan ba na rufe katan sai na ɗauki bidiyonsa, ba na amsa ƙara sai kayan sun dawo hannuna na gani. Amma wannan kowane ɗan kasuwa zai iya koya maka. Abin da ni na koya shi ne, ƙara zargi ce kawai, komai kyan tsarinta, kuma mai hankali katan yake fara buɗewa kafin bakinsa. Shagon intanet in an rufe, da sabuwar lambar waya ake buɗe wani. Mutumin da ya ciyar da kai kuwa, in ka tuhume shi a gaban jama'a kan maganar wanda ba ka taɓa gani ba, ko ya yafe maka, ya riga ya san farashin da ka sa masa.